Abin da Ke Ƙarƙashin Shuɗi

A Modika, inda gidaje ke hawa kan juna
kamar awaki a jikin dutse,
na buɗe garejin da ba a taɓa ba
tun da muka kai Baba Gaspare makwancinsa.
Ga Basfarsa a jingine,
tayoyi sun sace, tsatsa ta ci gindinta,
gizo-gizo ya gama yi mata lulluɓi.

Na ce zan mayar da ita sabuwa.
Maƙwabcinmu Ermete, mai shekara arba'in yana bugun ƙarfen mota,
ya leƙo ya yi dariya har da tari.
"Ottavia, feshi minti goma ne.
Gugar ce wata guda."

Na kwance fitila, na kwance sirdi,
noti-noti na tara a kwalbar miyar tumatir.
Daga nan sai ni da samfefa da bokitin ruwa,
safe da yamma,
har zanen yatsuna ya shafe,
har wayata ta daina gane ni.

Shuɗi ne a sama.
Da na ci shi sai ja ya fito,
jan da na sani ina tsaye tsakanin gwiwoyinsa,
hanyar makaranta, iska na cika min baki.
Can ƙasa kuma wani kore mai duhu,
na kamfani, wanda ya girme ni,
Mama ce kaɗai ta gane shi,
ta dube shi ta koma kicin ba ta ce uffan ba.

Ran Laraba samfefa ta faɗa wani wuri mai laushi
a murfin hagu.
Ba ƙarfe ba ne. Ciko ne, faɗin tafin hannu,
an lafta shi kamar mai yaɓen katanga.

Ina 'yar sha biyar na saci makulli.
Kwanar gidan matsar zaitun ta fi ni wayo.
Na turo ta gida da gwiwa a kwaile,
na juya gefen da ya lotsa ya kalli bango.
Na jira faɗa. Na jira kwana bakwai.
Sai ranar Lahadi ya fito da ita shuɗiya fes,
ya ce wa Mama, "Na gaji da ja."

Ermete ya shafa wurin da babban yatsa.
"Wannan aikin banza ne. Kankare shi,
in buga miki ƙarfen ya miƙe."
Ya yi shiru, ya sosa ƙeya.
"Ni na ba shi cikon. Ƙarfe ɗayan dare ya buga min ƙofa.
Na ce ya bari in yi masa, ya ƙi."

Ban kankare ba.

Na rufe gilashi da tsofaffin jaridu,
na yayyafa ruwa a ƙasa don ƙura ta kwanta,
na ɗaura takunkumi.
Injin iska ya yi gurnani, ya cika ciki.
Hagu zuwa dama, taƙi guda tsakani,
kada hannu ya tsaya,
inda ka tsaya nan fenti zai yi hawaye.
Shafi ɗaya, a jira. Na biyu, a jira.
A na uku ƙararrawar coci ta buga,
hannuna ya tsaya,
hawaye ɗaya ya gangaro ƙasan fitila.
Wani ƙuda ma ya zo ganin amarya
ya bar ƙafafunsa biyu a kan tanki.

Shuɗi na sake sa mata.

Yanzu in na ajiye ta gaban mai burodi
mutane na cewa kamar yau ta fito daga kwali.
Amma da la'asar, in rana ta karkato,
akwai ɗan tudu a murfin hagu
da haske ke tuntuɓe a kai.
Nan nake dafawa
kafin in taka ta ta tashi.